Ƙofar Gidan Mai Turare

Ku samarin yanzu in kun wuce ta gaban rumfata a Gwale kun ga tartsatsi na tashi, sai ku ɗauka shi ke nan walda: ka riƙe sanda, ka dangwala wa ƙarfe, ya kama. Kwanakin baya wani ya zo ya ce in koya masa kafin babbar salla, yana so ya buɗe tasa rumfar. Na miƙa masa guntayen ƙarfe biyu na ce ya haɗa mini. Ya haɗa, kuma a ido ya yi kyau. Na ɗaga na buga da ƙasa, kowanne ya kama gabansa. Wutar ba ta shiga cikin ƙarfen ba, a sama kawai ta kwanta. Wannan ba a gane shi da ido. Da kunne ake ji. In wuta ta yi daidai, ƙararta kamar ana suyar ƙosai ce a mai mai zafi. In ta yi yawa sai ta riƙa tsartuwa tana huda ƙarfen, in ta yi kaɗan sandar ta riƙa liƙewa.

Sunana Usaini. A gindin Goron Dutse na koyi aikin nan, a wajen Baba Inuwa, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko ban taɓa sandar walda ba. Shara, ɗaukar ƙarfe daga kasuwa, miƙar da wanda ya lanƙwashe a kan guntun ƙarfen layin dogo da guduma, kankare tsatsa, shafa jan fenti. Ranar da na saci jiki na kalli wutar babu baƙin gilashi, na wuni ina dariya ban ji komai ba, washegari na tashi kamar an zuba mini yashi a ido. Mahaifiyata ta ɗiga mini madara, ta ɗora mini yankakken dankali. Da na koma, Baba Inuwa bai yi mini sannu ba. Cewa ya yi yanzu na fara aiki.

Shi Baba Inuwa a wani kamfani a Bompai ya koya, a hannun Turawa, kuma har ya mutu bai daina ba da labarinsu ba. Tef ɗinsa na awo a wuya yake rataye da shi kamar carbi. In ka yanke ƙarfe ba ka nuna masa awon ba, ko ya yi daidai sai ka ji rankwashi. Firam ɗin ƙofa kuwa sai an auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, ɓangare biyun su zo ɗaya, kafin a ɗiga masa walda ko sau ɗaya.

Tagogin wata Islamiyya a Sheshe muke yi shekarar da aka fara maganar yaƙin Iraƙi. A lokacin na girma, ni ne babba a rumfar. Rediyo na rataye a jikin ginshiƙi, kullum maganar ɗaya ce: wai ƙasar ta ɓoye makaman ƙare dangi, wai in ba a je an ƙwace ba duniya za ta gani. Akwai wani mai shayi kusa da mu, Malam Tanimu, in ya tashi kasuwar safe sai ya zo ya zauna a bencinmu su yi ta musu da Baba Inuwa.

"Tanimu, Turawan nan na yi aiki da su," in ji Baba Inuwa. "Ba sa yanka abu sai sun auna. In suka ce akwai makaman nan, to sun gani. Suna da na'urar da ke karanta lambar mota daga sama."

"Akwai su mana, Baba! Wa ya ce babu?" in ji Malam Tanimu. "Akwai su jingim. Ranar da shugaban Iraƙin ya buɗe rumbunsa, ko soja ɗaya ba zai koma gida ba."

Haka suka yi ta yi. Ɗaya na goyon bayan wannan, ɗaya na goyon bayan wancan, amma dukkansu sun yarda makaman na nan. Aka yi yaƙin, ƙasa ta rushe, aka yi ta nema, daga baya rediyon da ya ce akwai ya dawo ya ce ba a samu ba. Malam Tanimu ya ce ai ɓoye su aka yi, ranarsu na zuwa. Baba Inuwa ya daina tanka masa. Wata rana ina riƙe masa da angul, ƙarfen nan mai kusurwa, yana ɗiga masa walda, sai ya ɗage gilashinsa ya dube ni.

"Usaini, to in ba su gani ba, me suka auna?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya mayar da gilashin ya ci gaba da aiki. Bai kai ga ganin tamu masifar ba, Allah ya karɓi abinsa kafin nan, ni kuma na dawo nan Gwale na kafa tawa rumfar.

Ƙafar tankin ruwa nake haɗawa a saman wani bene ranar Juma'ar da bama-bamai suka tashi a garin nan. Ƙarar farko na ɗauka tukunyar gas ɗina ce ta fashe a ƙasa, har na leƙa. Sai ta biyu, sai ta uku, daga wurare daban-daban. Daga saman benen ina ganin hayaƙi nan da can. Ku da kuke ƙanana a lokacin abin da kuke tunawa shi ne an hana ku zuwa makaranta. Mu masu ƙarfe abin da muke tunawa daban ne.

Ban taɓa samun aiki irin na shekarar ba, ban kuma taɓa ganin shekara mai muni irinta ba. Kowane lungu na son get. Kowane masallacin Juma'a na son doguwar sandar tare hanya, mai ɗaure da durom ɗin siminti a gindi. Masu kuɗi na ƙara wa katanga tsini. Mutanen da suka shekara da labule a ƙofar soro suka zo neman ƙyauren ƙarfe. Ga aiki, amma kai kayan aiki wurin aikin ya zama tashin hankali. Ka ɗora tukunyar gas a kura ka nufi shingen bincike, tun daga nesa za ka ga an saita ka da bindiga. Ka ɗaga hannu sama, ka tura kurar da ciki, a sa ka buɗe, a sa ka kunna, a sa ka kashe, wani lokaci a sa ka tsallen kwaɗo saboda ka tsorata su. Ban ga laifinsu sosai ba, don su ma ana kashe su a kan shingen. Mai sayar mana da kabayid ɗin da muke haɗa gas da shi ya rufe shago ya koma ƙauyensu, ya ce ba zai iya bayanin farin dutse mai wari ga kowane mai kaki ba.

Ƙofar Malam Bukar a cikin wannan shekarar na yi ta. Mutumin Maiduguri ne, dogo, mai magana a hankali, ya gudo da iyalinsa ya kama haya a wani matsattsen lungu a bayan Goron Dutse. Shi da matarsa Ya Falmata da 'ya'yansu ƙanana, sai wani ƙanensa saurayi, Modu, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga hannu. Sana'arsu turare, na wuta da humra, irin na mutanen Barno. Kafin ka ga gidan hancinka ya gaya maka ka iso.

Ya ce ƙofa yake so mai filet biyu, wato fallen ƙarfe ciki da waje, sakata sama da tsakiya da ƙasa, kada a bar tazarar da ko wuƙa za ta shiga. Sannan in rufe masa saman tsakar gidan gaba ɗaya da ragar rodi.

Na ce, "Malam Bukar, banki za ka buɗe?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Usaini, ta katanga aka diro wa maƙwabcina a can. Ina jin kukan 'ya'yansa ta bango. Tun ranar ba na barci."

Na ce, "Su waye suka diro? Mutanen daji ko masu kaki?"

Ya ce, "Kayansu iri ɗaya ne. Har yau unguwarmu ba a daidaita a kan ko su waye ba."

Na yi masa ƙofar kamar yadda aka koya mini. Angul mai kauri na sa a firam. Filet in ka bi shi da walda a jere daga sama har ƙasa zafi zai murɗe shi, ƙofa ta zama kamar faifai, don haka ɗigawa ake yi nan da can, a bar shi ya huce, a dawo. Na fitar wa firam ɗin kunnuwa dogaye da za su shige cikin bango a bi su da siminti. Ragar saman kuwa kowace mahaɗa sai da na zagaye ta, ban yi ɗigo ɗaya na wuce ba kamar yadda ake yi wa tagar haya. Na shafa jan fentin hana tsatsa, na tambaye shi launin da yake so a kai. Ya ce in bar ta haka, ba ado yake nema ba.

Ba a jima ba wani dillalin gidaje ya zo ya ce ya ga ƙofar mai turare, yana son irinta sak a wani gida a ɗaya ƙarshen lungun, wasu baƙi ne suka kama, 'yan kasuwar busasshen kifi. Na yi masa. Awo ɗaya, sakata ɗaya, jan fenti ɗaya. Ranar da na je kafawa ban ga masu gidan ba, sai tabarmi da butoci a soro. A shekarar ba wanda ke tambayar baƙo abin da ya fi haka, kuma kowa na tambaya a bayan idonsa.

Turamen ƙarfe su ne aikina na ƙarshe da Malam Bukar. Ya ce turmin ice na shanye ƙamshi, kuma itacen da suke dakawa na tsaga shi. Na samo fayif mai kauri na yayyanka, na toshe gindin kowanne da filet, na yi musu taɓare da rodi mai nauyi. Akwai manya, akwai ƙanana na dakan abin da bai da yawa. Manyan shi ya zo ya ɗauka. Ƙananan Modu ne ya zo. Da na koma gidan gyara wata sakata da ke cijewa, na ga Ya Falmata da idona tana daka a ɗaya daga cikin manyan. Ƙananan ban gan su ba, ban kuma nema ba.

Ranar da abin ya faru, muna fitowa daga sallar asuba muka ji harbi daga wajen Dutse. Kowa ya koma gida ya rufe. Da hantsi harbin ya lafa, na fito na buɗe rumfa don akwai get ɗin wani da na yi alkawari. Ko janareta ban tayar ba mota ta tsaya, jami'an tsaro a ciki, fuskokinsu a rufe, mai unguwarmu a baya ko hula babu a kansa.

"Kai ne ka yi jar ƙofar gidan Barebarin nan?"

Na ce ni ne, yallaɓai.

"Ɗauko abin yanka."

Lungun ya yi wa motarsu kaɗan, shi ya sa suka kasa banke ƙofar. Sun doke ta da guduma, sun harbe ta, ta lotsa amma ba ta buɗe ba. Sai suka hau rufin maƙwabta suka yi harbi ta cikin ragar. Duk wannan daga baya na ji. Abin da na tarar shi ne ƙofata da tabon harsashi, da mutane kwance rub da ciki a bakin lungu, hannuwansu a ƙeya.

Wanda ya yi ƙofa ya san inda take da rauni. Ban taɓa wajen sakatun ba, ta wajen maratayan da suka riƙe ta a jikin firam na bi. Na kunna bakin wutar na daidaita shi har ya yi shuɗi. Na dafa gwiwar hannuna a jikin bango na fara yanka. Ina cikin yanka na ji muryar mace a ciki tana karatu ƙasa-ƙasa, dab da ƙofar.

Na ɗaga murya na ce, "Ya Falmata, ni ne Usaini mai walda. Ku matsa daga bayan ƙofa, wuta ce, kuma ciki za ta faɗo."

Wani ya doke ni da gindin bindiga a kafaɗa ya ce wa ya ce in yi magana. Amma na ji motsinsu sun matsa. Ƙofar ta faɗi, suka shiga da ihu, suka fito da ita da yaran, ba wanda ya ji rauni a cikinsu. Ko kallona ba ta yi ba.

Sai aka ce in shigo in yanke kwaɗon sito. Abin da na gani zan faɗa, ba zan ƙara ba. Malam Bukar na kwance a tsakar gida kusa da wani durom, ya rasu. A saman durom ɗin, a kusurwa, ragar ta ɗan lanƙwashe, ga taɓaryar rodi a ƙasa, alamar ya hau ya yi ƙoƙarin ɓalle ta ya fitar da su ta sama. Mahaɗar ba ta saki ba. Ban ga bindiga kusa da shi ba, amma sun riga ni shiga. Harsashi ya huda jarkoki, man turare na bin makwarara, ƙamshi da warin albarushi sun haɗu har numfashi na wuya. Na yanke kwaɗon. A siton akwai kwalabe, buhunan ice, buhun sukari, jarkoki masu rubutun da ban iya karantawa ba. Wani jami'i ya ɗaga turmi ɗaya.

"Wannan fa?"

"Turmi ne, yallaɓai. Ni na yi shi."

"Turmi," in ji shi, ya miƙa wa na bayansa.

Akwai ɗaki ɗaya a soro, na Modu, shi ma da kwaɗo. Modu bai kwana a gidan ba ranar. Na nufi ɗakin da kayan yankana, sai aka ce a'a, fita, wannan za su iya. Aka zaunar da ni a ƙasa a waje.

A nan na ji babbansu na waya yana faɗa. "Jar ƙofa aka ce mana! Ga jar ƙofa!" Ya saurara. "Daga wane ɓangaren? In ka shigo ta ina?" Ya sauke wayar, ya dubi tsawon lungun. Can ƙarshe ga ɗaya jar ƙofar. Ya ɗauki mutum biyu suka taka har can. Ba su buƙaci ni ba, a buɗe take. Suka shiga, suka jima, suka fito ba kowa. Ya dawo ya wuce ta gabana, sai da ya kai mota ya ce a taho da mai walda.

Inda aka kai ni ban sani ba, an ɗaure mini ido. Kwanakin ma ban riƙe ba. Ba zan ba ku labarin wurin ba, ba shi ne sana'a ba. Tambayoyin kawai zan gaya muku. Mai tambaya na farko saurayi ne, ya ce Bukar babban kwamanda ne, sun daɗe suna bin sa tun daga Barno, ni kuma ni nake ƙera masa kwanson bam. Na ce turmi ne. Ya ce me ya sa turmi zai zama fayif mai toshasshen gindi? Na ce yallaɓai, to turmi mene ne in ba haka ba? Na sha mari. Na biyu dattijo ne mai furfura, cikin farin yadi. Shi bai tambaye ni Bukar ba ko sau ɗaya. Ƙofa ta biyu kawai yake tambaya: wa ya sa ni, yaya kamanninsa, mutum nawa na gani, akwai warin kifi a gidan? Na tsaya na yi tunani. Na ce gaskiya ban ji warin kifi ba, amma a lungun nan turaren Bukar ya danne komai. Da zai fita na ce, "Ranka ya daɗe, gidan da aka shiga, shi ne gidan?" Ya ce, "Aikinka ƙarfe ne ko?" Na ce e. Ya ce to in tsaya a kai.

Mai unguwa da limaminmu ne suka yi ta zirga-zirga har aka sake ni. Na dawo na tarar an rushe gidan Bukar, katafila ta shigo ta filin baya ta kwantar da shi, mai gidan da ya ba su haya na zaune a kan tarkace yana ta salati. An faɗa a rediyo cewa an gano masana'antar haɗa bam bayan musayar wuta. Wani ya ajiye mini jarida. Ga turamena a jere a hoton, manya da ƙanana, ga jarkokin, ga kuma bindigogi da wayoyin lantarki da batura waɗanda ni ban gani ba a gidan. Sai dai ɗakin Modu ban shiga ba. Ko daga can suka fito, ko daga ɗaya gidan, ko daga bayan mota, ni ban isa in ce ba.

Na yi ta tambaya, don ina so in san abin da na ƙera. Malam Ado, wanda bangonsu ɗaya da Bukar, ya rantse mini cewa harbin farko daga cikin gidan ya fito. Matarsa ta aiko a gaya mini kada in yarda, ko ƙarar faɗuwar kwano ba ta fito daga gidan ba sai kukan yara. A ɗaki ɗaya suka kwana su biyun. Wasu suka ce masu kifin ne mutanen da ake nema, sun ji harbi sun tsere. Wasu suka ce masu kifin bayin Allah ne, baƙi ne kawai da suka san in an gama da Bukar kansu za a dawo. Dillalin da ya kawo su ya ɓace, amma a shekarar ko ni ne shi zan ɓace. Akwai ma masu cewa Bukar ɗin ne da kansa ya buga waya ya kai rahoton ɗaya gidan, ya kwatanta da jar ƙofa, ya manta tasa ma ja ce. Wannan na ƙi yarda da shi, amma ba ni da hujjar ƙaryata shi. Modu kuwa wani ya ce ya gan shi a Kwatano yana sayar da turare, wani ya ce ya gan shi a bidiyon mutanen daji da rawani. Kuma ba a fi wata biyu ba wani bam ya tashi a gari. Masu cewa an yi kuskure suka ce kun gani, na gaskiyar sun tsira. Masu cewa an yi daidai suka ce kun gani, ramuwa ce suka yi.

Aiki ya tsaya mini cak. Rabin unguwa na cewa ɗan rahoto ne ni, ai a motarsu aka gan ni. Ɗaya rabin na cewa maƙerin bam ne, ai a jarida aka ga aikina. Akwai wanda ya faɗi duka biyun a zama ɗaya. Mai get ɗin da na yi wa alkawari ya aiko aka kwashe ƙarfensa ba a gama ba. Na koma bakin kasuwa ina like ƙafar kura da murhun gawayi da hannun baro, aikin da na wuce tun ina yaro. Mu masu walda na yankin muka yi taro, aka ce daga yau ba wanda zai toshe gindin fayif sai ya san mai shi da abin da zai yi da shi. Dokar ba ta yi nisa ba. Ƙafar tebur fayif ce mai toshasshen gindi. Turken get ma haka. Kuma duk wanda ka tambaya me zai yi da ƙofa mai kauri, amsa ɗaya zai ba ka, tsoro yake ji, kuma a fuska ba za ka gane tsoron wa yake ji ba.

A hankali gari ya lafa, aka cire shingaye, mutane suka manta ko suka yi kamar sun manta, aiki ya dawo. Getocin lungunan da na yi yawancinsu yanzu a buɗe suke, awaki ake ɗaurewa a jiki.

Bara, da yamma bayan la'asar, an ɗauke wuta ina zaune a benci, sai wata mata ta yi sallama. Ta manyanta, ta rame, da gilashi a idonta. Ƙamshin ne ya fara gaya mini.

"Malam Usaini, ba ka gane ni ba."

Na miƙe na ce, "Ya Falmata. Ina wuni? Yaya bayan rabuwa? Yaya yara?"

Ta ce lafiya lau, sun girma. Na goge mata benci ta zauna a gefe. Ta ce an riƙe ta wani lokaci sannan aka sake ta, ta koma wajen danginta a Nguru, can take. Asibitin ido ya kawo ta Kano, ta ce ba za ta koma ba sai ta nemo ni. Na yi mata ta'aziyyar da ban samu yi ba a lokacin. Ta amsa.

Na ce, "Ragar nan da na yi..."

Ta ce, "Shi ya ce ka yi. Ba wannan ya kawo ni ba." Ta gyara mayafinta. "Babban ɗana zai yi aure. Dangin yarinyar sun yi bincike, an gaya musu abin da aka faɗa a rediyo. Ya zo ya tsare ni, ya ce in gaya masa gaskiya, wane ne ubansa. Na ce mai turare ne. Ya ce to Baba Modu fa?"

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Malam, ɗakin nan ban taɓa shiga ba. Ɗakin ƙanen miji ne, saurayi, kullum a kulle. Na taɓa tambayar maigidan, ya ce kayan mutane ne aka ba shi ajiya. Wani lokaci in ji su suna faɗa da Modu a soro, in na zo su yi shiru. Ko faɗan kuɗin turare ne, ko na wani abu, ban sani ba. Kai kaɗai ne ka shiga gidan nan ranar ba ka sa kaki ba. An ce kai ka yanke kwaɗuna. Don Allah me ke cikin ɗakin?"

Na gaya mata duk abin da na gaya muku, sito da jarkoki da wayar da babbansu ya yi da ɗaya ƙofar. Na ce na nufi ɗakin da kayana a hannu aka mayar da ni.

"Ko leƙawa ba ka yi ba?"

"Ko leƙawa."

Ta ce, "Duk shekarun nan ina cewa akwai mutum ɗaya a Kano da ya sani."

Na ce, "Ni ma haka nake cewa, akwai mace ɗaya a wani wuri da ta sani."

Ba ta yi kuka ba. Muka zauna, babura na wucewa, mai rake na kiran ciniki a tsallake. Can sai injin walda ya yi gurnani a bayana, fitilar rumfa ta kama, yaran lungu suka sa ihun an kawo wuta. Ban motsa ba.

Ta miƙe, ta karkaɗe mayafinta, ta dubi tagar da na bari a ƙasa ba a gama ba.

"Tashi ka yi aikinka, Malam," in ji ta. "Kada su ɗauke."